Wadda Za a Kira In Ka Faɗi

Mount Hope, Bronx

Zuwa gare ka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da hanya tun kafin ka kama ta. Allah ya sa jirginku ya tashi lafiya ya sauka lafiya, ya tsare ka daga sanyin ƙasar da za ka, ya haɗa ka da mutanen kirki a duk ƙofar da ka ƙwanƙwasa. Amin.

Na san karatun Hausa wahala yake ba ka. Kada ka tura wa Safiya ta karanta maka, ƙanwarka ce, kuma magana ba ta kwana a bakinta. Ka samu wuri kai kaɗai ka karanta a fili, sannu a hankali, kunnenka zai gane abin da idonka ya kasa. Na so in rubuta da Turanci, to Turancina na wajen aiki ne, bai wuce maganin ƙarfe tara da juya tsohuwa a gado ba. Yanzu ma a gidan tsohuwar da nake kula da ita nake, a St. George. Ta yi barcin rana, na samu teburin kicin ɗinta.

Shekaranjiya ka bar min fom a kan firij, ka danne shi da gwangwanin madara, ba ka ce min komai ba. Fom ne na gasar hokin ƙanƙara ta matasan ƙasashe, wasan nan naku na sanda, wadda aka zaɓe ka za ka je, kuma tunda ba ka cika sha takwas ba sai babba ya sa hannu. Daga gasar ba gida za ka dawo ba, gidan wasu Turawa za ka wuce can arewa, inda sabuwar ƙungiyarka ta samar maka masauki. Na sa gilashina na karanta. A gurbin da aka ce a rubuta wanda za a kira idan ɗan wasa ya ji rauni, ka rubuta Misis Pat, matar kocinku. A ƙasa, inda zan sa hannu, akwai 'yan akwatuna biyu, ɗaya na uwa ko uba, ɗaya na mai riƙo. Ka riga ka yi min alama a na mai riƙo.

Na zauna a ƙasan kicin da takardar a cinyata. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Da farko haushinka na ji, na ce lalle yaron nan ya iya wulaƙanci. Kafin shinkafa ta nuna haushin ya koma kaina, domin na san ba kuskure ka yi ba, kuma ba kai ka fara ba. Shi ya sa na ce kafin ka tafi sai na faɗa maka abin da ya kamata in faɗa tun kana ɗan ƙarami.

A garinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi ba ita ke ɗaga shi ba. Kunya ake kiran abin, da ita ake gane 'yar gidan mutunci. Ni ma 'yar fari ce. Kakarka har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba, “ke” take ce min, ni kuma Yaya nake kiranta. Kuma wallahi ban taɓa jin an rage ni da komai ba. A ɗakin kakata nake kwana, ita ke min kitso, ita ke min kirari in na ɗebo ruwa, ga gwaggonni uku kowace na ja na. In na yi tuntuɓe a tsakar gida, kafin in buɗe baki mata huɗu sun kai kaina. Uwata tana bakin murhu tana kallon tukunya, amma na san kunnenta yana wajena.

To ni da na tashi zuwa ƙasar nan, kunyar na ƙunso, na bar kakar da gwaggonnin a can. Wannan ne kuskurena na farko, sauran duk daga gare shi suka fito. Ranar da aka haife ka ana zuba dusar ƙanƙara, nas ta ɗora min kai a ƙirji, na kau da kai gefe. Babu surukata a ɗakin, babu ko Bahaushe ɗaya, daga ni sai wata nas 'yar Jamaika, amma na kau da kai. Ita ta ɗauka zafin ciwo ne. Da ka fara magana ka ji 'ya'yan maƙwabta suna ce min Anti, ka kama, ni kuwa daɗi na ji, na ce Allah ya kawo min sauƙi. Aka haifi Safiya, ita ba 'yar fari ba, ina rungumarta ina kiran sunanta sau ɗari a wuni, tana ce min Mama. Kai kana zaune a kujerar nan ta bakin taga kana kallonmu.

Hajiya Fati 'yar Kumasi, ta hawa na uku, ta sha tsayar da ni a kan matakala. “Ke 'yar'uwa, yaron nan ɗan Amerika ne fa,” in ji ta. “Abin da ba ki faɗa masa da baki ba, bai ji ba. Wannan kunya taku ta Najeriya, nan ba mai ba ki lambar yabo a kai.” Sai in yi mata murmushi in wuce, ina cewa a raina 'yan zangon Gana me suka sani. Ashe ta fi ni sani.

Don haka duk abin da ka ɗauka daga gidanmu za ka shiga da shi gidan mutane, ka duba tukuna ko akwai mai gane shi a can. Na koya maka kada ka kalli babba a ido. Su in ba ka kalle su ba sai su ce kana ɓoye wani abu. Na koya maka in an yi maka tayin abinci ka ce ka ƙoshi har sai an matsa. Su sau ɗaya suke tayi, ka ce ka ƙoshi su ɗauke farantin, ka kwana da yunwa saboda ladabi. Ka faɗa musu ba ka cin alade tun ranar farko, ka tambaye su inda gabas take, kada ka tsaya jiran su lura.

Babanku, Allah ya jiƙansa, shi ya kai ka hokin nan kana da shekara bakwai. Wani fasinja ne ya ba shi labari a tasi, wai a Harlem ana koya wa yara kyauta. Shi ba ruwansa da kunyata. Bai san ƙa'idar wasan ba ko ɗaya, amma zai manna fuska a gilashin da ya kewaye filin yana ihu da Hausa, “Bi shi! Maza, kada ka bar shi!” har Turawa suna dariya. Da ya rasu kana da goma, kai ka filin ya dawo wuyana. Asabar ta farko matar da ke riƙe da rajista ta tambaye ni wace ce ni a wajenka. Kai kana jan hijabina kana cewa “Anti, Anti, takalmina,” sai kawai ta duƙa ta rubuta. Ina kallon biron yana tafiya. Kalma ɗaya ce da ta gyara abin, na haɗiye ta, don a ganina abin kunya ne in bugi ƙirji a gaban baƙuwa in ce nawa ne. Tun daga ranar, a duk takardun ƙungiyar, ni ƙanwar uwarka ce. In ka ga ana rubuta abin da ba daidai ba a kanka, ka gyara nan take, ko da za ka ji nauyi. Bayan shekara guda gyaran ya fi wuya, bayan bakwai ka ga inda muke.

Ka tuna ranar da ka zura baƙar robar nan da kuke bugawa da sanda a raga sau uku a wasa ɗaya? Kana da sha biyu. Mutane suka riƙa cire hulunansu suna jefawa kan ƙanƙara, ni na ɗauka faɗa ne ya tashi, sai wata ta kusa da ni ta ce haka ake yi wa wanda ya ci uku. Iyaye suna dukan gilashi suna kiran sunanka, mutanen da ba su haɗa komai da kai ba. Ka sulalo ka tsaya daidai gabana, ka ɗaga sanda, kana haki, kana nemana da ido ta cikin wayar hular kwanonka. Ni kuwa na sunkuya na buɗe jakata kamar mai neman wani abu. Babu abin da nake nema. Zuciyata ce ta cika, na ji tsoron kada fuskata ta tona ni.

A jirgin ƙasa muna dawowa ka ce da Turanci, “Anti, kin gani?” Na ce, “Na gani. Janye jakar nan daga hanya, tana wari.” Da muka isa gida na tuƙa tuwon shinkafa na yi miyar taushe, na sa maka cinyar kaza biyu, Safiya na ba ta fiffike. A wajena na gama magana ke nan, don da haka uwata take yi min barka. Kai ka ɗauki kwanon ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa. Washegari a feri, jirgin ruwan da ke kai ni wajen aiki, na ba wata mata da ban taɓa gani ba labarin tun daga farko har ƙarshe, na nuna mata hotonka a waya, har ta gaji da ni. Ta ce ɗana ne? Na ce ɗan yayata ne. Ka ji irin wautar da na yi. In abokin wasanka ya yi abin kirki, ka faɗa masa a lokacin, da bakinka. In matar gidan da za ka zauna ta wanke maka kaya, ka ce ka gode ta ji. Kada ka yi irin tawa, ka kai yabon wajen wanda ba ya bukata.

Yanzu na zo wadda ta fi min ciwo, kuma na san ita ce a ranka da kake cike fom ɗin. Kana da sha huɗu, wata safiyar Asabar, a wani fili da ke hayin kogi. Wani ƙaton yaro ya haɗa ka da katakon gefe. Har yau in an buga ƙofa da ƙarfi sai gabana ya faɗi, don irin ƙarar ke nan. Ka kife a kan ƙanƙara, sandarka ta tafi ita kaɗai, ba ka motsa ba. Koci ya ɗaga kai yana tambaya ina 'yan'uwansa.

Ina tsaye. Wallahi ina tsaye, na riƙe ƙarfen da ke gabana har yatsuna suka yi fari. Raina duk ya tafi wajenka, ƙafata ce ta ƙi. Ka san me nake jira? Matan tsakar gidanmu nake jira. Tun ina yarinya aka dasa min cewa in ɗan fari ya faɗi wasu ke rugawa, uwa ta tsaya ta daure, kuma jikina ya bi abin da ya saba ba tare da ya shawarce ni ba. Misis Pat ce ta ruga. Da takalmin gida ta hau ƙanƙarar, santsi ya kwashe ta, ta ƙarasa da rarrafe. Ta riƙe hannunka tana kiran sunanka, tana kira, tana kira, har ka buɗe ido. Ita ka fara gani. Ba na jin abin ya kai minti ɗaya, amma na sani a cikin mintin nan na rasa wurina.

Da motar asibiti ta zo aka ce mutum ɗaya zai shiga. Ta juyo gare ni, gwiwarta tana jini, ta ce, “Ke ce antinsa ko? In kira mamarsa?” Na ce, “Ni zan je.” Iyakar abin da na iya ke nan. A asibiti nas ta tambaye ni sunan yaro, na zaro katinka na miƙa mata. Idonka biyu, kana kallona daga kan gado.

Bayan an sallame ka kusan sati uku kana fama da ciwon kai ba ka faɗa wa kowa ba. Da safe sai in tarar da kai a banɗaki ba ka kunna fitila ba, kana amai, in na tambaya ka ce ba komai. Na gane wajen wadda ka koyi wannan dauriyar, kuma ba abin alfahari ba ce. Ka saurare ni da kyau a nan. Yaran da za ku kara da su zaɓaɓɓu ne daga ƙasashensu, da sanyi da nama aka raine su, kuma ba wanda zai tausaya maka. In aka bugi kanka ka ji jiri, ko haske ya dame ka, ko ka manta abin da aka ce maka yanzu yanzu, ka faɗa wa likitan ƙungiya. Ko da za su zaunar da kai a benci duniya tana kallo, ka faɗa. Za a yi wata gasar, amma kan nan guda ɗaya Allah ya ba ka, kuma ni na sha wuyar fito da shi.

Saura guda. Bara, ina yi wa Safiya kitso a falo, ina ce mata 'yar lelena tsaya mana, ka shigo da jakarka a kafaɗa ka tsaya a bakin ƙofa. Ka yi tambaya da Turanci, na yi kamar ban ji ba. Sai ka maimaita da Hausa, kai da rabonka da yi min Hausa tun rasuwar babanku. Ka ce, “Anti, ke kika haife ni?”

Dariya na yi. Haba, dariya! Na ce, “Ji shashanci. Takardunka suna cikin akwatin babanku, je ka duba mana.” Ban ko saki gashin da ke hannuna ba. Na ji ka shiga ɗaki, na ji ƙarar makullin akwatin. Ka fito ka wuce ba ka kalle ni ba. Takarda ta gaya maka abin da ka riga ka sani, ni kuwa abin da ka zo nema ban ba ka ba. Daga wannan satin ka fara wuni a gidan koci duk Asabar da Lahadi, ina gani na yi shiru, ina ce wa kaina ai horo ne. Ranar da wani ya zo maka da irin fuskar da ka zo min da ita, ko matarka ce wata rana, ko ɗanka, ka ajiye abin da ke hannunka ka juyo gaba ɗaya. Kada ka amsa da wasa, kuma kada ka aika shi wajen takarda.

Ba na riƙe da Misis Pat a raina. Na yi kishinta, ƙarya ne in ce ban yi ba, amma ita ta rarrafa a kan ƙanƙara ni ina tsaye, kuma har yau ban yi mata godiyar da ta dace ba. Ka riƙe ta da mutunci. In ka samu wani ɗan abu mai kyau a can ka sayo mata tsaraba, kada ka dawo mata hannu biyu. Ka ce min ita za ta kai ka filin jirgi, kuma motar ta cika da kaya babu wurin zama. Na ji, ba zan matsa ba, da ma ina da aiki ranar.

Na sa hannu a fom ɗin, yana cikin aljihun jakarka na gefe tare da wannan wasiƙa. Ban taɓa alamar da ka yi ba. Na ɗauki biro sau biyu zan gyara, na ajiye, domin in ni na gyara a ɓoye, wani aikin ɓoyen na sake yi, kuma shi ya kawo mu nan. Koci ya ce sai kun isa za ku miƙa takardun. Kana da duk tsawon tafiyar ka yi tunani.

Akwai abin da ba ka sani ba. Ko a kan sallaya “yaron nan” nake cewa, ina dogara da cewa Allah ya san wanda nake nufi. Yau da safe a feri na fita waje ta baya, inda ba kowa saboda iska, na riƙe ƙarfe na faɗi sunanka da ƙarfi. Muryar ta zo min kamar ta wata mata daban, har na waiwaya don kunya. Bari in rubuta shi kafin hannun ma ya ƙi. Haruna. Ni na haife ka, Haruna. Kai ne na fari, kuma babu ranar da ka hau ƙanƙarar nan ban ji tsoro ba, babu ranar da ka sauko ban yi alfahari da kai ba. Na san na makara da faɗa, kuma ban sani ba ko akwai sauran wurin da maganar za ta zauna a zuciyarka.

In ka gyara alamar, alhamdu lillahi. In ka bar ta yadda take, ba zan ce ka yi butulci ba, ba kuma zan sake tayar da maganar ba. Abu ɗaya nake roƙonka. Lambar da ke hannun Misis Pat ta tsohuwar wayar babanku ce, an rufe layin tun shekarar da ya rasu, ni kuwa ban taɓa ba ta tawa ba. Ka ba ta lambata kafin ku rabu a filin jirgi. Ka ce mata in an kira ta, don Allah ta kira ni. Ko ina tsakiyar ruwa a feri zan ɗauka.

Allah ya kai ka lafiya, ya tsare kanka da ƙashinka, ya sa kada a kira kowa. Allah ya ba ku nasara in ita ce alheri, ya ba ka haƙuri in ba ita ba ce. Kada ka bar salla don sanyin ruwa. Allah ya yi maka albarka, ya dawo min da kai ko da ba da wuri ba.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Hauwa'u